Waya, Sola da Allo: Amsoshin Tambayoyin Malamai kan Koyarwa da Na'ura a Makarantunmu na Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, makarantu da dama suka daɗe a rufe, wasu suka zama masaukin waɗanda suka baro gidajensu, littattafai suka watse. Inda aka koma karatu, malami yakan tarar da aji cike maƙil, yara sun yi baya, littafi ɗaya kuma hannu goma ke kansa. Waɗannan tambayoyi ne da malamai maza da mata ke yawan yi a garuruwan da Hausawa suke, daga Gadarif da Kasala zuwa Mai Wurno da Damazin.

Makarantarmu ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Daga ina za mu fara?

Daga wayar da ke aljihunka, malam. Wayar Android mai ma'ajiyar gigabayit 32, katin memori, da ƙaramar sifika mai Bluetooth sun isa aikin zango guda. Da su za ka riƙe littattafan manhajar karatu duka a matsayin PDF, ka kunna wa aji karatun Larabci ko Turanci da lafazi mai kyau, ka ɗauki hoton allo kafin a goge domin yaron da bai zo ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar me za a saya. Tambayar farko ita ce: wane darasi ne yaranmu ke faɗuwa a kai duk shekara? In rabon lamba ne a aji huɗu, a nemi abin da zai warware rabon lamba. Kayan da aka sayo ba don wata matsala takamaimai ba, a kabad ɗin mudir, wato shugaban makaranta, suke ƙarewa.

Wutar gari ba ta da tabbas. Wace irin sola za ta ishe mu?

Kada ku je kasuwa sai kun yi lissafi a takarda. Ana auna abin da na'ura ke ci a wuni da wat-awa, wato ƙarfinta na wat sau awannin da take aiki. Cika batirin waya guda yana cin kusan wat-awa 25 idan an haɗa da asarar caja. Kwamfutar hannu kusan 35. Kwamfutar cinya mai jan wat 45, in ta yi awa uku, 135 ke nan. Talabijin mai inci 32 yana jan kimanin wat 50, awa uku 150.

A ce kuna da wayoyin malamai biyar, kwamfutocin hannu goma, kwamfutar cinya ɗaya da talabijin ɗaya: 125 da 350 da 135 da 150, jimla 760. Farantin sola kuwa ba ya ba da duk abin da aka rubuta a bayansa. A ninka wat ɗinsa sau awa biyar na rana mai ƙarfi, sannan a cire kashi 30 cikin 100 na zafi, ƙura da asarar wayoyin wuta. Faranti biyu masu wat 150 za su ba da kusan 1,050, sun rufe buƙatar har da rara ta ranar hadari. A haɗa da kwantirola, wato na'urar daidaita cajin batir, mai amfiya 30 da batir mai bolt 12, amfiya-awa 100. Irin wannan batir yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan na dalma ne rabin kawai ake taɓawa. Wanda ake zuƙewa ƙarƙaf kullum ba ya kai shekara. Shi ya sa caji mai nauyi a yi shi da rana, tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da faranti ke ciyarwa kai tsaye.

Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola, sannan faranti; wajen kwancewa a fara cire faranti. Juya wannan tsari yana iya ƙona kwantirola. A sa fiyus a wayar batir, kusa da kansa. Faranti ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 15, domin garuruwanmu suna arewa da tsakiyar duniya da kusan haka. Wayoyi da kwamfutocin hannu kuma a caje su da cajar mota mai bolt 12, ba ta inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta gida ba, domin inbata na cin nata kason ko ba a jona mata komai ba.

Mun samu kaya daga wata ƙungiya, cikin wata shida rabi sun mutu. Me ke kashe su?

Zafi, ƙura, da ramin caji. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Batirin litiyam da ake caji cikin irin wannan zafi yana kumbura, har ka ga gilashin na'ura ya ɗago daga gefe. Wadda ta kai haka a kashe ta, a ware ta nesa da takardu, kada a sake caji. Kada a jera kwamfutocin hannu ɗaya kan ɗaya suna caji. A tsayar da su a tsaye da tazarar yatsa biyu, akwatin da ake ajiye su ya zama mai ramukan iska.

Bayan habub, wato guguwar ƙura, ta wuce, a share faranti da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi. Ramin caji kuwa yara ne ke lalata shi da tura waya a karkace. Mutum ɗaya babba ya riƙa jonawa da cirewa.

Majigi za mu saya ko talabijin?

A ajin da tagoginsa ba su da labule, talabijin. Ƙananan majigai masu araha ana rubuta musu dubban lumen, ma'aunin haske, a kwali, amma da rana hoton ba ya fita, in kuma an rufe tagogi zafi ya hana yara zama. Illar talabijin ƙanƙanta: na baya ba sa ganin rubutu. Maganinsa a riƙa nuna hoto da motsi a talabijin, rubutu kuma a babban allo da alli.

Layi na ɗaukewa kwana da kwanaki. Ta yaya darasi zai dogara da intanet?

Bai kamata ya dogara da ita ba ko kaɗan. A watan Fabrairu 2024 layukan Zain, MTN da Sudani sun ɗauke gaba ɗaya, wasu yankuna suka daɗe babu. Ƙa'idar ita ce a sauke sau ɗaya, a raba sau ɗari. Wanda zai shiga gari ya tafi da jerin abin da ake buƙata a rubuce, ya sauke, ya dawo ya tura wa sauran ta Quick Share ko Xender, waɗanda ba sa cin data. Bidiyo a sauke shi a ƙaramin ingancin hoto na 360p: minti goma bai cika wuce megabayit 50 ba, alhali a 720p yakan ninka sau biyu ko uku, a fuskar waya kuma bambancin kaɗan ne.

Makarantar da ke da kwamfutar cinya za ta iya kafa ɗakin karatu na cikin gida da Kolibri, manhaja ce kyauta da aka gina domin wuraren da babu intanet, kuma tana da fuskar Larabci. Ana girka ta a kwamfutar, a kai ta inda akwai layi mai ƙarfi a zaɓi darussa a sauke. A dawo, a kunna ƙaramar na'urar raba wayfai ko da babu data a cikinta, a jona kwamfutar da wayoyin a kanta. Kolibri za ta nuna adireshi na lambobi mai ƙarewa da 8080. Duk wanda ya rubuta shi a burauzar wayarsa ya shiga. In wayoyi suka ƙi shiga, abu uku ake dubawa: ko katangar tsaron Windows ta toshe manhajar, ko adireshin ya canja bayan an kashe an kunna, ko wayar ta koma kan datar layinta don ta ga wayfai ɗin babu intanet. A kashe datar wayar tukuna.

Kiwix kuma tana riƙe Wikipedia ta Larabci da ta Hausa a cikin waya ba tare da layi ba.

A kula da katin memori na jabu. Ana sayar da wanda aka rubuta wa 128 alhali cikinsa 8 ne; yana karɓar fayil kamar lafiya, sai ranar darasi ya ƙi buɗewa. Kafin a yarda da shi, a cika shi da bidiyo, a buɗe na farko da na ƙarshe. Komai kuma a ajiye shi wuri biyu, a hannun mutum biyu.

Ina za mu samu abin da ya yi daidai da manhajar karatunmu?

Tushe shi ne littattafan Cibiyar Manhaja ta Ƙasa da ke Bakht al-Ruda a Duwem, inda tun 1934 aka fara horar da malamai. Amma a duba bugu. An sauya tsarin karatu daga shekara takwas na asas (matakin tushe) da uku na sanawi (sakandare) zuwa shida na ibtida'i (firamare), uku na mutawassiɗ (matsakaiciya), uku na sanawi, tsofaffin littattafan kuma har yanzu suna yawo a zaurukan WhatsApp. A buɗe shafin farko a ga aji da shekarar bugu kafin a tura wa kowa.

UNICEF ta ƙaddamar da Learning Passport a Sudan a 2021, an zuba masa darussan manhajar ƙasa. Akwai kuma Can't Wait to Learn na ƙungiyar War Child, wanda a Sudan aka fara shi: wasannin lissafi da karatu a kwamfutar hannu, ana samunsu ta cibiyoyin da ke cikin shirin. Na kimiyya akwai gwaje-gwajen PhET da aka fassara da Larabci, na lissafi GeoGebra. Darussan Masar ko Jodan da ke YouTube suna da amfani, sai dai jerin babi da wasu kalmomi sun bambanta da namu, lafazin kuma yakan rikita ƙananan yara. Malami ya kalla shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe kafin ya kai aji.

Yaranmu da Hausa suke tashi a gida, karatu kuma da Larabci. Na'ura za ta taimaka?

Nan ne ta fi amfani, kuma nan aka fi mantawa da ita. Yaron aji ɗaya da ya yi shiru sau da yawa ba lissafin ne ya gagare shi ba, harshen tambayar ne. Ga hanya mai sauƙi: kafin kowane babi, malami ya zaɓi kalmomi goma masu nauyi, ya ɗauki murya ta minti uku. Ya faɗi kalmar da Larabcin littafi, ya bayyana ta da Hausa da misalin gida, kamar raba kisra huɗu ga yara takwas, sannan ya maimaita Larabcin sau biyu. A kunna a farkon hissa, wato lokacin darasi, a tura wa iyaye. Uwar da ba ta karatu za ta iya kunna wa ɗanta, ita ma ta san abin da ake koya masa.

African Storybook da Bloom suna da labaran yara da Hausa kyauta, amma da rubutun boko na Najeriya da Nijar, yaranmu kuwa baƙin Larabci suka sani. Kada a ɗora musu haruffa biyu lokaci guda. Malami ya nuna hoton, ya karanta da baki, yara su ba da labarin da Hausa, sannan a rubuta jimla biyu da Larabci a allo. Manufar ita ce Hausa ta zama gadar da yaro zai taka, domin jarrabawa da Larabci zai rubuta ta.

Bidiyo minti nawa ya dace a hissa ta minti 40?

Kada ya wuce biyar ko shida, shi ma a yanka shi. Rubuta tambaya ɗaya a allo kafin ka kunna. Bayan minti biyu ka tsayar, ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa abin da yake zaton zai biyo baya. Bayan an gama, kowa ya rubuta amsa a allonsa ko takarda, a ɗaga sama lokaci ɗaya. Da kallo ɗaya za ka ga wanda ya gane. Ajin da ya yi tsit yana kallo ba shaidar koyo ba ce. Talabijin ma a gida haka yake sa su tsit.

Ka gwada sifika da fayil kafin a buga ƙararrawa, kuma ka riƙe darasin a kanka yadda in na'ura ta ƙi, alli zai ɗauka nan take.

Kwamfutocin hannu goma, ɗalibai sittin. Ya za a yi?

A raba aji uku. Ashirin suna kan na'ura bibbiyu, ashirin suna gaban malami, ashirin suna aikin rubutu. Duk minti goma sha biyu a juya. Bibbiyu ya fi ɗaɗɗaya, domin suna yi wa juna bayani. Uku kuwa kullum ɗaya ɗan kallo ne. A lura da wanda ke riƙe na'urar: in an bari, manyan yara da masu baki ne za su mamaye, ƙanana da 'yan mata masu kunya su koma gefe. A ce duk tambaya ɗaya a miƙa wa abokin zama. A rubuta lamba a bayan kowace na'ura, kowane yaro ya san tasa.

Zauren WhatsApp ɗin malamanmu ya koma na gaisuwa da ta'aziyya. A rufe shi?

A'a, zumunci ne, a bar shi. A buɗe na biyu na aiki kaɗai, mutum bai wuce goma sha biyar ba, masu koyar da fanni ɗaya ko aji ɗaya. Ranar Lahadi mai kula da zaure ya sa tambaya guda, zuwa Alhamis kowa ya kawo hoton aikin ɗalibi ko saƙon murya da bai wuce minti biyu ba. Murya ba ta da nauyi, minti biyar bai kai megabayit ɗaya ba, tana wucewa ko da layi na rarrafe. Taskar littattafai kuma gara tashar Telegram, domin wanda ya shigo daga baya zai ga abin da aka sa tun farko. A kashe saukar bidiyo ta kai tsaye a saitin WhatsApp, ita ke cinye data da ma'ajiya.

An kai mu bita ta kwana uku, mun dawo ba abin da ya canja. Laifin wa?

Laifin tsarin ne. Abin da aka nuna wa mutum sau ɗaya a zauren taro, da wuta da intanet, ba ya rayuwa a aji mai yara saba'in sai da maimaici da abokin shawara. Abin da ke kama ƙasa shi ne da'irar malamai a cikin makaranta: mutum huɗu zuwa takwas, duk mako biyu, awa ɗaya. Minti goma na farko kowa ya faɗi abin da ya gwada da yadda ta kaya. Minti ashirin a kalli dabara ɗaya tak. Minti ashirin wani ya tashi ya koyar da 'yan'uwansa kamar su ne ɗalibai, a gyara masa. Goman ƙarshe kowa ya rubuta a littafin da'ira hissar da zai gwada dabarar a ciki, da rana. Wannan gajeriyar koyarwa ta gwaji tsohuwar hanya ce, a Jami'ar Stanford ta Amurka aka tsara ta a shekarun 1960. Abin karantawa ga da'ira kuwa akwai kayan TESSA na horon malaman Afirka, har da na Larabci.

Mudir ya sa lokacin a cikin jadawali, cikin awannin aiki. In aka mai da shi bayan la'asar, malamai mata masu hidimar gida su ne za su fara sarewa, su kuma ke riƙe da ƙananan azuzuwa.

Ina jin nauyin a ɗauke ni bidiyo ina koyarwa. Dole ne?

Ba dole ba ne, malama, kuma murya kaɗai ma ta isa. Ɗora wayar a teburi ki ɗauki minti goma, ki saurara ke kaɗai. Ki ƙirga abu huɗu: minti nawa kika yi magana, minti nawa yara suka yi, tambayoyi nawa amsarsu "na'am" ce kawai, daƙiƙa nawa kike jira bayan tambaya. Binciken Mary Budd Rowe a shekarun 1970 ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya, kuma in aka kai uku amsoshin yara na tsawo, masu amsawa na ƙaruwa. Ga yaron da ke juya tambaya daga Larabci zuwa Hausa a kansa sannan ya mayar, wannan jira ya fi zama wajibi.

In bidiyo ne, waya ta kasance a bayan aji tana kallon allo. Fayil ɗin na mai darasi ne. Ba na mudir ba ne, ba na muwajjih mai duba malamai ba, ba a auna kowa da shi. Ranar da aka yi amfani da shi wajen tsawata wa wani, ba wanda zai ƙara yarda a ɗauke shi.

Kwasa-kwasan intanet fa, shaidarsu na da amfani?

Edraak da Rwaq suna da kwasa-kwasai kyauta da Larabci, har da na dabarun koyarwa. Ilimin yana da amfani. Ko takardar za ta shiga lissafin ƙarin girma, wannan a tambayi ofishin ilimi na mahalliya, wato ƙaramar hukuma, kafin a kashe kuɗi. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi ya ba da shaida ba tare da karatu ba, ko ya nemi lambar sirrin da banki ko WhatsApp ya turo, ɗan damfara ne.

Zan iya sa ƙirƙirarriyar basira ta shirya mini darasi?

Za ta iya ba ka daftari, kai ne mai tacewa. Ka faɗa mata aji, yawan yara, tsawon hissa, da cewa ba ku da komai sai allo da alli. Ka manna mata sakin layin littafin, ka ce ta fitar da tambayoyi goma daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka warware kowace da hannunka, domin tana kuskuren lissafi da cikakkiyar gadara. Aya ko hadisi kada ka ɗauka daga gare ta sai ka buɗe Mus'hafi ko littafin asali. Hausarta ma takan fito a karkace. Sunan ɗalibi ko makinsa kuwa ba a shigar mata.

A halwa, wato makarantar allo, waya na da gurbi kusa da allo da tawada?

Tana da shi wajen murajaa da gyaran lafazi, ba wajen maye gurbin biyawa gaban malam ba. A duba riwaya. Yawancin manhajojin Alƙur'ani da Hafs suke buɗewa, alhali halwoyi da yawa a Sudan da Duri ake karatu, wasu kuma musamman na mutanenmu da Warsh. Almajirin da ke rubuta Warsh a allo yana sauraron Hafs da dare zai cakuɗa. A sauke karatun riwayar da malam ke biyarwa, a goge sauran daga wayar.

Ƙungiyar da ta ba mu kaya tana son hotunan yara. Mu tura?

Sai da yardar uba ko uwa, a bayyana musu da Hausa inda hoton zai je. Yaran da suka baro garuruwansu saboda yaƙi kada a haɗa fuskarsu da suna da wurin da suke. Hoto daga baya, ko na hannaye a kan na'ura, ya isa shaidar aiki. Sakamakon jarrabawa kuma a tura wa kowane gida nasa daban, ba a zauren iyaye ba.

Wa zai riƙe makullin akwatin?

Mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace, kuma kada mudir ya zama shi kaɗai, domin ranar da ya tafi mahalliya karatu ya tsaya. A ajiye littafi a kan akwatin: lambar na'ura, wanda ya ɗauka, hissa, da halin da ta dawo. Majalisar iyaye ta ware ɗan abu kowane zango domin wayoyin caji da fiyus, ta kuma fara tara kuɗin batir tun yanzu, domin na dalma a zafinmu yakan nemi canji cikin shekara biyu zuwa uku. A ƙarshen kowane wata a buɗe littafin a ga na'urar da ba a taɓa ɗauka ba, a tambayi dalili a zaman da'ira na gaba.